Ku Tambaya Mu Amsa: Idan aka faɗi a matakalar bene, alhakin wa?

Assalamu alaikum. Ina haya a sama a wani gidan bene a unguwar Bukoki, mu gida huɗu muke hawa matakala guda. Surukata ta zo mana kwana biyu, da asuba tana saukowa ta zame ta karye a ƙugu. Matakalar karo (tayil) ce mai santsi, ba ta da abin dafawa, ƙwan wutar wurin kuma ya daɗe da mutuwa. Mai gidan ya zo jaje, ya ce ƙaddara ce. Kuɗin asibiti sun fi ƙarfina. Ina da hakki a kansa? — Wani magidanci, Yamai

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke wa mai sakaci nauyi, kuma dokar Nijar haka ta ɗauki maganar.

Kundin da ake kira Kod sibil shi ne madogara. Aya ta 1382 da ta 1383 sun ɗora wa mutum biyan ɓarnar da ya jawo, ko da gangan ko da sakaci. Aya ta 1384 ta ƙara da cewa mutum yana ɗaukar alhakin abin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Ita ce ta fi dacewa da batunka, don matakalar da ƴan haya huɗu suke tarayya a kai ba ta cikin ɗakin kowa, tana hannun mai gida. Akwai kuma aya ta 1386, amma ita sai gini ya rushe ko wani sashe nasa ya ɓalle saboda rashin gyara ko mugun aiki, kamar a ce ƙarfen dafawa ya tsinke da mutum. In ka duba intanet ka ga ana ambatar aya ta 1240 a maimakon 1382, wannan lambar Faransa ce tun da suka sake jerin ayoyinsu a 2016. Kada ta rikita ka.

Sai dai faɗuwa kaɗai ba ta isa hujja. Matakala ba ta motsi, don haka alƙali zai so a nuna masa aibin da ke jikinta. A nan ne mutane suke asara, domin da zarar magana ta taso sai mai gida ya kira mai walda ya kafa ƙarfe, ya sa sabon ƙwai, shaida ta ɓace. Yau ɗin nan ka ɗauki hoton matakalar da wayarka, daga sama da ƙasa, da dare da rana. Ka ɗora mita a jikin taki biyu ko uku yadda lambar za ta fito a hoton. In da hali ka ɗauko wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai zuwa ya gani da idonsa ya rubuta. Takardarsa ta fi hoton waya nauyi nesa ba kusa ba. Ka karɓi takardar likita mai nuna irin raunin da kwanakin da Hajiya za ta yi ba ta iya aiki, ka adana kowane resi na magani, na hoton ƙashi, har na taksi. In wani cikin maƙwabta ya taɓa aika wa mai gidan saƙo a kan ƙwan nan, a ce masa kada ya goge.

Ka san kuma abin da ɗaya ɓangaren zai ce: ta sauko cikin duhu ba tocila, da silifas jiƙaƙƙu, ko zanenta ne ya harɗe ta. In alƙali ya ga ita ma da nata sakacin, yana iya rage diyya, amma ba lalle ya soke ta ba. Kuma Hajiya ce mai ƙara, tunda ita ta ji rauni, sai dai ta wakilta ka a rubuce.

Shawararmu, ka fara da sulhu ta hannun mai unguwa ko limamin da ku duka kuke jin nauyinsa. Ka tambayi mai gidan ko yana da asurans a kan gidan. Duk abin da aka tsayar, kuɗi nawa da ranar biya da ranar gyara, a rubuta shi, shaidu su sa hannu. “Za mu duba” ba yarjejeniya ba ce. In ya ƙi, sai ka ga lauya.

Ina gina bene hawa ɗaya a Lazare, magini ya kusa zuba matakala. Me zan duba don kada a yi mini aikin da-na-sani? — Wata mai karatu, Yamai

Hajiya, kin yi tambaya a kan lokaci, don bayan siminti ya kama gyara sai da fasawa.

Masu zanen gini suna aiki da lissafin da Bafaranshen nan Blondel ya fitar tun ƙarni na 17: tsayin taki sau biyu, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya ba da santimita 60 zuwa 64. Ga misali. In daga daɓen ƙasa zuwa na sama santimita 306 ne, a raba gida 18, kowane taki ya zama 17, faɗinsa 29. Hakan yana cin wuri kusan mita 5, shi ya sa ake karya matakala biyu a sa wurin hutawa a tsakiya. Magini mai son rage wuri zai ba ki tsayi 21 da faɗi 22. Saurayi zai haye, amma tsohuwa ko mai ciki za su sha wuya, musamman wajen sauka.

Abin da ya fi ka da mutane shi ne taki guda da ya bambanta da sauran. Bayan taki biyu ko uku ƙafa ta riga ta riƙe awon, mutum ya daina duba ƙasa, don haka bambancin santimita ɗaya ma yana iya sa tuntuɓe. Yadda abin yake faruwa kuwa: magini yana auna daga ɗanyen dal, wato zubin siminti, ya manta kaurin da za a ƙara. Daga baya mai karo ya ɗaga daɓen sama da na ƙasa da santimita 5, ya ɗaga takin da 3 kawai. Sai takin farko ya gajarce da 2, na ƙarshe ya ƙaru da 2, a can sama inda faɗuwa ta fi muni. Ki sa magini da mai karo su zauna tare, a zana takin duka a jikin bango kafin a kafa katako.

Kada ki sa karo mai ƙyalli irin na falo. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kansa ba a gani, ruwan alwala ko feshin damina kuma su mai da shi kamar an shafa sabulu. Ki nemi mai kaushi, ko a yanka layuka biyu a bakin kowane taki. Ƙarfen dafawa ya kai santimita 90 a jikin matakala, mita 1 a wurin hutawa, tazarar sandunan kada ta wuce 11 don kan yaro kada ya shige. A tsaye za a jera su; in an kwantar da su, yara sun samu tsani. Ki girgiza ƙarfen da hannu biyu kafin ki biya mai walda, ki duba ko ya shiga cikin siminti ne ko an ɗan liƙa shi a kan karo. Makunnin wuta ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, da ƙwan nan mai caji da ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta. Matakalar hawa kan dal ma a yi mata duk wannan, don lokacin zafi ita ake bi cikin magagin barci.

Ni ɗan aike ne a wani kamfani, na faɗi a matakalar ofis ina ɗauke da katon (kwali), hannuna ya kumbura. Shugabana ya ba ni jika goma ya ce in je wurin mai ɗori. — Wani matashi, Wadata

Ɗan'uwa, wannan haɗarin aiki ne, hanyarsa daban take. Wajibi ne kamfani ya sanar da CNSS, wato asusun kula da ma'aikata na ƙasa, cikin awa 48, kuma in an yi maka rajista asusun ne ke ɗaukar magani da kuɗin kwanakin jinya. Ka fara zuwa asibiti a yi hoton ƙashi a ba ka takarda, don mai ɗori ba ya ba da shaidar da ofis zai karɓa. In kamfanin ya ƙi sanarwa, ko ka gano bai taɓa yi maka rajista ba, ka kai maganar ofishin sufeton ƙwadago, ka tafi da sunayen abokan aikin da suka ga faɗuwar.