Tambaya da Amsa: Haɗa Dariya da Bindiga a Fim Mai Ƙaramin Jari

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na rubuta labarin wasu 'yan wasa biyu da aiki ya ƙi samuwa, suka karɓi kwangilar yin shigar 'yan daba don tsorata wani mai taurin bashi, sai suka faɗa hannun 'yan daban gaske. Da muka gwada karantawa, inda na sa dariya tsoro ya gudu, inda na sa tsoro dariya ta mutu. Ina gyaran yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mafi yawan lokuta ciwon guda ne: ka bar 'yan daban suna barkwanci. Hana su. Uban daba kada ya san cewa a fim ɗin dariya yake. Abin dariyar yana wajen jaruman nan biyu, masu amfani da dabarun wasa a inda kuskure ɗaya zai ci ransu: wanda ya manta maganar da ya haddace alhali wuƙa na wuyansa, ko wanda ke jin haushin ba a yaba kukansa ba. In mai kallo bai yarda za a iya kashe su ba, ba zai dara ba.

Don haka kafin shafi na 10, nuna 'yan daban sun yi wa wani aika-aika ta gaske, ba kiɗan raha a ƙasa. Sau ɗaya ya isa, sauran fim ɗin zai ci albarkacinsa. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, saboda haka tsaya a shafi 85 zuwa 95. Taƙaita wuraren ɗauka zuwa 4 ko 5, domin kowace ƙaura da kaya tana cinye sa'o'i. Wajen ɗauka kuma, ja kyamara baya ka haɗa mai magana da mai sauraro a hoto ɗaya, don sau da yawa dariyar tana fuskar wanda ya yi shiru. Matso da kyamara kusa sai lokacin tsoro.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ce furodusa. Darakta ya nace sai mun samo bindigar gaske da harsashi marar kai, wai ta roba tana tona asirin ƙarancin kuɗi. Ya kake gani?

AMSA: Barka kadai, 'yar'uwa. Kada ki yarda. Harsashi marar kai ba dalma a bakinsa, amma cike yake da albarushi, kuma iskar da yake fitarwa tana kisa daga kusa. A 1984 ɗan wasan Amurka Jon-Erik Hexum ya ɗora irin wannan bindiga a gefen kansa cikin wasa ya harba, ƙarfin iskar ya fasa masa ƙashin kai, ya mutu bayan 'yan kwanaki. A 1993 ɗan wasa Brandon Lee ya mutu yana da shekara 28, saboda kan wani harsashi ya maƙale a cikin bututun bindiga ba wanda ya duba, da aka harba marar kan sai ya ingiza shi. A watan Oktoban 2021 kuma harsashin gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a jihar New Mexico, daga baya kotu ta ɗaure mai kula da makaman wata 18. Duk waɗannan sun faru ne a wuraren ɗauka masu ma'aikata da yawa, ballantana ku da mutum ɗaya ke aikin uku.

Yi amfani da bindigar roba ko ta wasa mai nauyi, a ƙara wutar a kwamfuta wajen tacewa. A hoto 24 da fim ke nunawa cikin sakan ɗaya, walƙiyar bakin bindiga hoto 1 ko 2 kawai take ɗauka. Abin da ke tona asiri shi ne a sa walƙiyar a manta haskenta, don haka mai tacewa ya ƙara haske a fuskar mai harbi da bango a daidai wannan hoton. Jarumin ya koyi girgiza hannu kaɗan, kuma kada ya yi ƙarar harbi da baki (suna yi, ba su sani ba). Sauran aikin na sauti ne.

Ko ta roba ce, mutum ɗaya ya riƙe bindigogin duka, ya nuna wa kowa kafin kowace ɗauka. In za a fita da su titi, a sanar da 'yan sanda da maƙwabta a rubuce, domin daga nesa ba a bambance ta da ta gaske.

Jini kuwa, a kofi 1 na ruwan sukari mai kauri a zuba cokalin shayi 2 na jar kalar abinci, ɗigo 2 na shuɗiya, da cokali 1 na garin cakulan. Ja zalla ruwan hoda yake fitowa a kyamara. A tanadi riga 3 iri ɗaya, don tabon ba ya fita tsakanin ɗauka da ɗauka.

TAMBAYA: Malam, mun gama ɗauka, hoto ya yi kyau, amma maganganun ba sa fita. Akwai magani?

AMSA: Na baya kam sai a sake naɗar murya a ɗaki, jarumi yana bin leɓensa a allo, kuma barkwanci yakan yi sanyi ta wannan hanya. Nan gaba, bar makirufon jikin kyamara. Rataya wani makirufon a sanda, kimanin santimita 30 zuwa 60 saman kan mai magana, yana fuskantar bakinsa. Kashe firiji da fanka. A kowane ɗaki naɗi sakan 30 na shiru, da shi mai tacewa zai cike giɓi tsakanin maganganu. In ana ɗaukar fuskar mutum ɗaya, kada abokin wasansa ya hau kan maganarsa, in ba haka ba, ba yadda za a yi a yanka wurin, ko a jinkirta amsa da rabin sakan da dariyar ke buƙata.