An nuna ƙanina a talabijin kafin a kai shi kotu, dole a kori ƙarar?

Tambaya: Barista, 'yan sanda sun kama ƙanina kan wata waya da ya saya a kasuwa, ashe ta sata ce. Tun kafin a kai shi kotu suka jera shi da wasu a gaban 'yan jarida, wani gidan talabijin ya nuna fuskarsa, bidiyon ya cika Facebook. Yanzu yana kan beli. An ce min tunda an yi holinsa ba bisa ƙa'ida ba dole alƙali ya kori ƙarar. Ina so in maka gidan talabijin ɗin a kotu, in kuma shiga rediyo in tona wa mai wayar asiri.

Amsa: Malam, Allah ya kawo sauƙi. Abin da ka rubuto kawai zan ɗora magana a kai, takardar tuhumar ba ta gabana, don haka kar ka motsa sai ka zauna da lauyan da ke riƙe da shari'ar.

Wanda ya ce maka dole a kori ƙarar, gaskiya rabin magana ya faɗa maka. Eh, sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, sashe na 34 kuma ya kare masa mutuncinsa, kuma da wuya ka samu lauyan da zai ce maka holin nan daidai ne, jihar Legas ma tun 2021 ta hana shi a dokarta. Amma fa haƙƙinsa da aka taka daban, tuhumar wayar daban, ɗaya ba ya goge ɗaya. Mu nan ba irin tsarin Amurka ko Ingila muke bi ba, inda ake ɗebo mutanen gari su yanke ko mutum ya aikata, har lauya ya tashi ya ce labarai sun riga sun juya musu tunani. A nan alƙali ne da kansa, kuma doka ta ɗauka hujjar da aka ajiye gabansa kawai yake dubawa ba abin da aka nuna a labaran dare ba.

Ba wai surutun jama'a ba ya komai ba ne. Ka tuna shari'ar kisan Hanifa a Kano, an yi kamen a Janairun 2022, a Yulin shekarar babbar kotu ta yanke hukunci, alhali akwai masu jiran shari'a shekara da shekaru a gidan yari ba wanda ya san da su. Hayaniya tana iya sa a yi sauri, wani lokaci ta sa a yi nauyin hannu wajen beli, amma ba ta zama shaida.

Ni abin da ya fi damuna ma ba ka ambata ba: ƙanin naka ya yi magana a bidiyon? Domin a tuhumar karɓar kayan sata yawanci abin da ake nema shi ne ko ya sani, ko yana da dalilin zaton kayan na sata ne. In an sa masa makirufo a baki ya ce "na sani", mai gabatar da ƙara zai iya gwada shigar da shi, lauyanku kuma ya ƙalubalanta, tunda sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 bai yarda da amsa laifin da aka samu ta hanyar takura ba, sashe na 84 kuma yana da sharuɗɗansa kan bidiyo. Ku nemo rasit, da wanda ya sayar masa, da nawa ya biya. A nan shari'ar take.

Gidan talabijin kuwa, za ka iya kai su, amma ba kai ba, shi ƙanin naka ne mai ƙara, sunansa aka taɓa. In "ana zargin" suka ce, suka kuma maimaita abin da 'yan sanda suka faɗa, cin nasara zai yi wuya ƙwarai. In kai tsaye suka kira shi ɓarawo to akwai ƙofa, sai dai kuɗi da lokaci za ta ci. Abin haushin shi ne ranar kame kowa na nan da kyamara, ranar da kotu ta sallami mutum ba ka ganin ko ɗaya. Ni da zan ba ku shawara, lauya ya rubuta musu takarda su sauke bidiyon ko su ba shi damar faɗin nasa, in sun yi kunnen ƙashi a kai ƙorafi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin. Maganar holin kanta ana shigar da ita babbar kotu a matsayin ƙarar tauye haƙƙi, ko a kai wa hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa, amma lauyanku ya auna ko yanzu ne lokacin.

Rediyo dai kar ka je, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Magana tana gaban kotu, kana iya jawo wa kanka raina kotu ko tuhumar ɓata suna ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod, wato kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, kuma duk abin da ya suɓuce maka a baki an naɗe shi. Sannan shi mai wayar nan, sace masa aka yi fa, ba shi ya kira 'yan jarida ba.

Da ni ne, sulhu zan nema. Ku samu mai unguwa ko shugabannin kasuwar su zauna da shi, in akwai asarar da ya yi a san yadda za a rage masa. Sai dai kar ku je ku kaɗai, kada gobe a ce kun je toshe bakin mai shaida, lauya ya shige gaba, a rubuta, a sanar da kotu. Ko ya ce ya yafe, mai gabatar da ƙara da alƙali ne za su ce a rufe ko a ci gaba, ya danganta da sashen da aka caje shi. Kafin nan ƙanin naka kar ya tsallake zaman kotu ko ɗaya, in ba haka ba belin ne zai fara tafiya.