An Sace Min Waya, Lambobin Kwastomomina Sun Tafi

Wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da wannan tambaya: "An zare min waya a cunkoso bayan sallar Juma'a. An dawo min da layina, amma lambobin mutanena ba su dawo ba, har da masu sari daga Maraɗi da Damagaram da waɗanda nake bi bashi. Yarona ya ce da a imel na ajiye su da ban rasa ko ɗaya ba. Yaya abin yake?"

Alhaji, Allah Ya mayar da alheri. Yaronka ya yi gaskiya, amma kada ka fid da rai tukuna. In wayar Android ce, da wuya a ce ba a buɗe maka Gmail, wato imel na kamfanin Google, ba ranar da aka saye ta, don da shi ake sauke WhatsApp daga Play Store. Ka sa adireshin da kalmar sirrin a sabuwar wayar, ko ka shiga contacts.google.com. Wataƙila ka tarar da mutanenka suna nan zaune. Da ka shiga, fara da canja kalmar sirrin, ka kuma cire tsohuwar wayar daga asusun, domin ɓarawon na riƙe da ƙofa a buɗe.

Wuri uku lamba take zama: kan sim, cikin wayar, ko cikin littafin adireshi na imel. Sim yawanci bai wuce lamba 250 ba, kuma sabon da aka ba ka fanko ne, layin kawai aka dawo da shi. Abin da ke cikin waya ya bi waya. Na imel kuwa yana ajiye a wurin Google, yana ɗaukar har mutum 25,000, kuma duk wayar da ka sa asusun a kanta za su sauko. Saboda haka ka shiga saitin lambobi ka zaɓi asusun Google ya zama nan ne kowace sabuwar lamba za ta riƙa shiga.

Inda na fi so ka tsaya shi ne yadda kake rubuta sunayen. Na sha karɓar wayar ɗan kasuwa in ga "Hajiya", "Hajiya 2", "Hajiya sabuwa", "Mai mota". Kai ka san su, amma ranar da ka tafi Umara ka bar yaro a shago, wa zai kira? Rubuta suna da gari da abin da mutum yake ɗauka: "Hajiya mai sarin shadda, Damagaram". Fara lambar da +227 in ta Nijar ce, +234 in ta gida ce, don ta yi aiki ko ka ƙetare iyaka. Akwai gurbin ƙarin bayani a ƙasan kowane suna, wanda kusan ba mai taɓa shi. Nan za ka sa kalar da take so, da tashar da ake kai mata kaya, da lokacin da ta saba zuwa, misali mako uku kafin azumi. Sai ka raba mutane rukuni-rukuni da lakabi: masu sari, diloli, direbobi, masu bashi. In sabon kaya ya sauka, rukuni ɗaya za ka buɗe, ba ka zauna kana jan allo har la'asar ba.

Amma kada ka mai da shi littafin bashi. Lakabin ya tuna maka wa za ka kira. Adadin kuɗi da kwanan wata su zauna a littafinsu.

In ka ga suna ɗaya ya fito sau uku, akwai wurin haɗe masu maimaici. In yaro ya goge wani bisa kuskure, yana cikin kwandon shara har kwana 30.

Tambayar da ba ka yi ba: wa ya buɗe imel ɗin? Da yawa a wurin sayen waya ake buɗe musu, su tafi ba su san kalmar sirri ba. Wasu kuma yaron shago ne ya buɗe da lambarsa, ranar da aka sallame shi ya kama nasa shagon sai ya tafi da kwastomomin maigida kaf. Asusun ya zama da sunanka da layinka, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga. Duk ƙarshen wata a fitar da jerin a fayil, a buga a takarda, ka ajiye a gida.

In za ka tura farashi ga mutane da yawa ta imel, sa adireshinsu a gurbin Bcc, wanda ke ɓoye adireshin waɗanda aka tura wa, kada kowa ya ga na kowa, don a cikinsu akwai abokan hamayya. Gmail na kyauta yana tsayar da kai a wajen mutum 500 a rana. Kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, don haka kada ka sayar ko ka ba wani lambobin kwastomominka ba da saninsu ba.

In kuma ka shiga ka tarar babu komai, koma rasitai da tsofaffin littattafan shago, ka tambayi direbobin da ke kai maka kaya Maraɗi. Masu sari za su neme ka da kansu tunda layinka ya dawo. Masu bashin ne sai ka bi sawu.