Yaya, mu nan Kumasi babu JAMB

Yaya ka tambaya ko mu ma muna da lesin ɗin hutu irin wanda kuke wa yaran ƙauye kafin JAMB. To mu a Gana babu JAMB sam, WASSCE, wato jarrabawar WAEC ta gama sakandare, ita ce ke magana, da sakamakonka zaka sayi fom ɗin kowace jami'a, KNUST ta nan Kumasi daban, Legon ta Accra daban, UDS ta Tamale daban. Kuma lissafin a juye yake, darasi shida ake haɗawa, A1 maki 1, C6 maki 6, mai ƙaramar jimilla shine a gaba, in ka samu D7 a turanci ko lissafi kuwa sai dai ka sake zama a Nuwamba. Wallahi akwai yaron da ya kai aji uku na babbar sakandare bai san wannan ba, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa.

Tunda aka mayar da sakandare kyauta a 2017 yaran ƙauye suka cika makarantu, har a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na aji wasu na gida, to yaro in ya koma gida gonar doya ce ke jiransa ba littafi ba. Shi yasa da an yi hutu 'yan uwa daga wajen Ejura da Atebubu da Yeji suke turo mana su zango, Aboabo ko Sawaba, maza ɗakin samari, mata wajen Hajiya, tukunya ɗaya ake ci, kuma ba'a tambayar uban yaro ko sidi ɗaya, abin kunya ne a wurinmu. Ajin ma na makaranta muke ara, af, mu nan in ance makaranta ta Arabiyya ake nufi. Yaranmu da ke KNUST su ke koyarwa, a bi tsoffin tambayoyi shekara bayan shekara.

Bara an kawo mana 'yar ƙanwar baba, kimiyya take karantawa amma bata taɓa haɗa gwaji da hannunta ba, a allo kawai take ganin zanen kwalaben. Ranar da aka kaita Tek, wato KNUST, taga ɗakin gwaji, a torotoro, motar hayarmu ta nan, har muka iso gida bata ce uffan ba, da daddare bayan isha'i sai gata da littafi tana tambaya jimilla nawa ake nema a shiga famasi. Bana zata zauna jarrabawar, ka sa Inna ta saka ta a addu'a dan Allah.