Sitan ɗin fitila zai iya ɗaukar takardar bayan hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a Zariya, shagon haya ne, mai shagon kuma ya ce kada a huda masa bango. Da can yadi nake ratayawa a baya, sai dai yamutsewarsa tana fitowa a hoto. Yanzu na sayo naɗin farar takarda, babbar nan mai faɗin mita 2.72. Ina da sitan ɗin fitila, wato ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake ɗora fitilar hoto a kai, guda biyu a ajiye. Zan iya ɗora takardar a kansu, ko dole sai na sayi na musamman? Ga Sallah ta matso, yara za su cika shagon.

Amsa: Wa alaikumus salam. Za ka iya, Malam, kuma masu hoto da yawa haka suke yi. Abin da ake sayarwa da sunan sitan ɗin bayan hoto ma ai sitan ɗin fitila ne guda biyu aka haɗa musu sanda a tsakani. Sai dai da ka ambaci yara, dole in tsawaita, domin inda haɗarin yake ke nan.

Mu fara da nauyi. Naɗin da ka saya, irin wanda kamfanoni kamar Savage da Colorama ke yi, tsawonsa mita 11 ne, nauyinsa kuma wajen kilo 6 zuwa 7 idan sabo ne. Ƙara nauyin sanda, a ce kilo 2. Kowane sitan zai ɗauki rabi ke nan, kilo 4 da wani abu. Duba jikin naka ko kwalinsa ka ga nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka. Siraran nan da ke zuwa tare da fitilar zobe ko ƙaramin sofbos (akwatin yadi mai tausasa hasken fitila), galibi kilo 2 ko 3 ne iyakarsu, maɗaurinsu kuma na roba ne, yana iya sulluɓewa ana cikin aiki. Idan irinsu ne a hannunka, ka bar su wa fitila. Idan kuwa masu kauri ne, waɗanda ke kai mita 2.6 ko 3 a tsayi, ƙafafunsu suna buɗewa kusan mita guda, to sun isa.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne sandar da za ta gitta. Tana buƙatar tsawon mita 3, don ta ratsa cikin naɗin ta bar wurin kamawa a kowane gefe. Kada ka yi amfani da fayif ɗin roba ko katakon labule. A wannan tsawon sai sun lanƙwashe a tsakiya, kwalin cikin naɗin ya bi su, takarda ta riƙa saukowa da tattara, ita kuwa tattarar takarda ba ta goguwa. Fayif ɗin ruwa na ƙarfe mai kauri shi ma ban ba ka shawararsa ba, don nauyinsa kaɗai yana iya fin na takardar. Nemi bututun ƙarfe mara kaurin jiki irin wanda masu walda ke yin kujeru da shi, ko na alminiyon, mai faɗin santimita 3 zuwa 4. Ramin kwalin naɗin ya ɗan haura santimita 5, saboda haka zai shige ba tare da matsi ba.

Sai yadda za a ɗaure ta. Kan sitan ɗin fitila kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 16, a samansa kuma akwai zaren kusa na kwatan inci. Ka ɗauki sitan ɗaya ka je da shi wurin mai walda, ya liƙa ɗan faifan ƙarfe a kowane bakin bututun, ya huda shi daidai zaren nan, ka ɗaure da noti mai kunne. Ka tabbata faifan bai fi ramin kwalin faɗi ba, in ba haka ba ka rasa yadda za ka zura naɗin. Mai hali kuma ya sayi mamatsi irin Super Clamp na Manfrotto guda biyu, wanda aka yi shi ya riƙe har kilo 15, ya kama sandar da su. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora sanda a saman sitan a naɗe ta da salatif ko robar taya. Yana tsayuwa, amma sai ranar da wani ya ture ta.

Yanzu ga batun faɗuwa. Ka ɗaga kilo 9 sama da mita biyu da rabi, ka tsayar da shi a kan ƙafafu sirara. Muddin ba a taɓa shi ba, lafiya lau. Amma takardar ta sauko ta shimfiɗu a ƙasa, mutane suna takawa. Yaro ya rugo ya zame, ko ya koma baya ya taka lanƙwasar da ke tsakanin tsaye da kwance, sai takardar ta fizgo naɗin gaba, sitan biyun su biyo shi tare, a kan wanda ake ɗauka. Don haka ka buɗe ƙafafun har iyakarsu, ka sa ƙafa ɗaya ta kowane sitan ta fuskanci kyamara, wato wajen da fizgar za ta ja shi, sannan ka danne na baya da buhun yashi. Ba sai ka sayi na kamfani ba. Tela zai ɗinka maka jaka biyu da yadin tamfol, ka ƙulle yashin a leda kafin ka zuba don kada ƙura ta riƙa fita, kowace ta kai kilo 7 zuwa 10. Buhun ya zauna a kan ƙarfen, kada nauyinsa ya tafi a kan siminti, in ba haka ba ado ne kawai.

Wajen ɗagawa ku zama ku biyu. A zura naɗin tun sitan yana ƙasa, sannan a ɗaga tare. Idan kai kaɗai ne, ɗaga wannan gefe kamar kamu ɗaya, ka koma wancan, a hankali har ya kai. Idan ba ka buƙatar duk tsayin, bar gaɓar nan ta sama mafi siranta a ciki, ka yi aiki da masu kauri. Kuma ka riƙe gaɓar da hannu kafin ka kwance maɗauri; sitan ɗin da ba shi da matashin iska a ciki, da ka saki sai ya rufto, yatsu ne ke shan wahala.

Wani abu da ke kunyata sabon shiga: da zarar takardar da ka warware ta yi tsawo, nauyinta yana jan naɗin, sai ka ga mita 11 ɗin nan ta zube ƙasa gaba ɗaya. Mamatsin hannu mai sifirin guda biyu, irin na kafintoci, sun magance wannan. Ka matse gefen naɗin da su da zarar ka sauko da abin da kake so. Ka juya naɗin yadda takardar za ta sauko ta bayansa, don lanƙwasarta ta bi hanyar da kake so ta kwanta a ƙasa, sannan ka manne bakinta da salatif. Idan kafet ne a shagon, shimfiɗa filawud a ƙarƙashi, domin takalmi mai tsini yana huda takarda tun takun farko. A kan tayil kuwa layukan da ke tsakani ne za su fito. Ka kuma kashe fankar sama lokacin ɗauka.

Ban san girman shagonka ba, amma ka auna tun yanzu. Sanda mita 3, ga ƙafafu suna fita kowane gefe, kana neman faɗin da ya doshi mita 4. Ɗaki mai ƙafa 12 kuwa mita 3.66 ne kacal. Idan wurin ya matse, ana iya yanke naɗin da zarto mai ƙananan haƙora tun yana naɗe, a mayar da shi mita 2 ko ɗan sama da haka, ya ishi mutum ɗaya ko biyu a tsaye, nauyi ma ya ragu. Akwai kuma sandunan da ke tokare ƙasa da rufi ba tare da huda komai ba, irin Autopole, ba su da ƙafafu balle su ci wuri. Amma suna son rufin kankare. Silin na roba ko na kwali zai ɓurma.

Kada ka bar naɗin a rataye wata da watanni, musamman da damina. Takarda tana shan laima, ta yi kumburi-kumburi, kwalin ciki ya saki. Idan an tashi aiki na kwanaki, naɗe ta tsaf, ka sauke, ka mayar da ita ledarta, ka tsayar da ita a tsaye a kusurwa, a kan katako ba a kan siminti ba. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, farar takarda ba ta ɓoye komai. Ajiye tsumma a bakin shiga a goge tafin takalmi, ko ka sa yaran su cire nasu sai an tsayar da su a wurin, ka bar tazarar mita ɗaya da rabi tsakaninsu da takardar da ke tsaye. Wurin da ya yi datti a yanke shi da reza a sauko da sabo, amma ka riƙa lissafi: in kana yanke mita biyu kowace rana, naɗin ba zai ga ƙarshen makon Sallah ba.