Ƙaura da shuke-shuke daga Ohayo zuwa Toronto a watan Janairu: amsa ga 'yar'uwarmu

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri a wannan ƙaura, ya sa ki shiga sabon gida da ƙafar dama. Kin ce za ki tashi daga Kolambus ta jihar Ohayo a Amurka zuwa Toronto ta Kanada a tsakiyar Janairu, kina da zogale a tukunya, da lemun tsami, da 'yar ayaba, da alobera, da moda, da wasu furannin ɗaki. Tambayarki ita ce ko za a bar ki ki ƙetare iyaka da su, kuma ko za su isa da rai. Na bi wannan hanya da shuke-shuke a cikin sanyi, na kuma taya wasu 'yan'uwa ɗaure nasu, shi ya sa na ga ya dace in ba ki amsa a tsanake.

Yawancin mutane jami'an iyaka suke tsoro. A abin da na gani, maganar takardu ita ce mai sauƙin. Sanyi ne ke kashe shuka, kuma sau da yawa a cikin 'yan mintocin da ba a lissafa su ba yake yin ɓarnar. Amma bari mu fara sallamar takardun tukuna.

Hukumar CFIA, mai duba abinci da lafiyar tsirrai, ita ce ke kafa dokar shigo da tsirrai Kanada, jami'an CBSA, wato hukumar kula da iyakokin ƙasar, kuma su ne za ki tarar a bakin gada. Akwai sassauci ga shuke-shuken ɗaki na ƙasashen zafi: wanda ya taso daga Amurka, ban da Hawai da sauran tsibirai, yana iya shiga da har guda 50 na amfanin kansa ba tare da izinin shigo da kaya ko takardar shaidar lafiyar shuka ba, muddin suna tare da shi. Sai dai ba duk abin da ke cikin tukunya ne ake lissafa shi shukar ɗaki ba. Zogale da lemun tsami bishiyoyi ne, don haka su za ki fara dubawa a manhajar AIRS ta CFIA, mai nuna sharuɗɗan shigo da kaya, da sunansu na kimiyya, kamar Moringa oleifera. Ki duba a makon da za ki tafi, domin ƙa'idojin sukan canza. Idan ta kama sai da takardar shaidar lafiya, ma'aikatar noma ta jiharku ko USDA, wato ta tarayyar Amurka, ce ke bayarwa bayan an duba shukar, kuma takardar tana da wa'adi, kada ki karɓe ta da wuri sosai. In kina da furen okid ko kaktus a cikin na ɗakin, suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, mai kare tsirrai da dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ki nemi bayani a kansu daban. Alobera irin wadda muka sani an cire ta daga wannan jerin.

Ki rubuta sunayen duka a takarda guda, ki haɗa da fom ɗin BSF186 na kayan ƙaura. Da jami'i ya fara tambaya ki ce kina da shuke-shuke. Wanda ya ɓoye aka gani, ana iya ƙwacewa a kuma ci shi tarar da takan kai dalar Kanada 1,300. Sannan ki sani tafiyar lemun tsamin nan ba ta da dawowa: Amurka ba ta yarda a shigo mata da bishiyar dangin lemu daga waje, saboda cututtukan da suka addabi gonakin Filorida.

Abin da jami'i ke nema ƙwari ne da ƙasar da aka ɗebo a waje aka zuba a tukunya. Tun mako biyu kafin tafiya ki juya ganye ɗaya bayan ɗaya, ki wanke da ruwa da ɗan sabulu, ki goge jikin tukwanen har gindi. Akwai wani ƙwaro mai ɗige-ɗige a fiffike da aka fara gani a Fensilbeniya a 2014, ya kuma iso Ohayo. Yana manna ƙwansa a jikin kowane abu, har tukunya, ƙwan kuma yana jure hunturu. Duk tukunyar da ta yi bazara a tsakar gida ki dube ta da kyau.

To, yanzu ga maganar da na fi so ki riƙe.

Shukar ƙasashen zafi ba ta jiran ruwa ya daskare kafin ta ji jiki. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10, wato 50 a ma'aunin Amurka, fatar ƙwayoyin halittar ganyen takan fara taurara, ruwan ciki ya riƙa tsiyaya inda bai kamata ba. Abin da ya fi ɓata rai shi ne ba a ganin illar nan take. Ki sauke su lafiya lau, ki yi hamdala, bayan kwana biyu ko uku ganye ya fara yin baƙi yana laushi kamar alayyahun da aka zuba wa tafasasshen ruwa. In kuwa sanyin ya wuce sifili, ƙanƙara ce ke tsirowa a cikin ganyen ta fasa shi, wannan ba ya warkewa. A Janairu daren Toronto yana ƙarƙashin sifili kusan kullum, wani daren ma ya kai 15 ko 20 a ƙasa da shi. A irin wannan iskar, tafiya daga ƙofar gida zuwa mota ta isa ta lalata ganyen ayaba. Kuma saiwar da ke cikin tukunya ta fi ta cikin ƙasa rauni, tunda ba abin da ya raba ta da iska sai 'yar roba ko yumɓu.

Saboda haka kada ko ɗaya ya shiga bayan motar ɗaukar kaya, babu ɗumi a wurin, kamfanonin kwashe kaya ma galibi ba sa karɓar shuka. But ɗin ƙaramar mota shi ma haka. Inda kike zaune, nan za su zauna. Wannan ne zai tilasta miki zaɓe, kuma gara ki yi zaɓen tun yanzu da hankalinki a kwance. Da ni ce, ayabar ba za ta tafi gaba ɗayanta ba. Ki cire ɗan da ya fito a gindinta, ko ki sare uwar ki bar kamar taku ɗaya, za ta sake tofowa daga tsakiya. Zogale kuwa kada tsawonsa ya ba ki tausayi, ki datse shi ya dawo daidai gwiwa. Ƙarfinsa yana cikin kaurin saiwarsa, kuma ko ba tafiya a wannan lokacin zubar da ganye yake yi. Lemun tsami ne mai wuyar sha'ani, shi za ki ba wuri mafi kyau a motar. Moda da alobera suna da haƙuri da komai in ban da sanyi haɗe da laima, ki daina ba su ruwa tun kwana goma kafin tafiya. Sauran ki shayar da su kwana biyu ko uku kafin ranar, ƙasar ta kasance da ɗan danshi kawai.

Wajen ɗauri, takarda da kwali sun fi leda. Ki nannaɗe kowace shuka da jarida ninki uku ko huɗu ki rufe saman, ki sa tukunyar a kwali, ki cusa dunƙulallun takardu a gefe don kada ta yi rawa, sannan ki rufe kwalin ki yafa bargo. In za ki sa leda don tare iska, ta zama a waje, kada ta taɓa ganye. Gumi yakan taru a cikinta, duk ganyen da ya manne da ita shi ne farkon mutuwa. A ƙasan motar ki shimfiɗa kwali ko tsohon bargo, domin sanyi daga ƙarfe yake hawowa. Akwai ƙunshin ɗumi da masu aika shuka ke amfani da shi, na awa 40 ko 72, yana da amfani, amma yana bukatar iska kafin ya yi aiki, kuma a jikin kwali ake manna shi, nesa da ganye da saiwa. Gorar ruwan ɗumi a naɗe da tawul ma tana yi. Ki sayi ɗan ma'aunin zafi mai araha ki ajiye a tsakanin kwalayen, ya fi zato.

Ranar tafiya ki kunna mota ta yi ɗumi sosai, ki matso da ita bakin ƙofa, shuke-shuke su ne ƙarshen shiga kuma farkon fita. Kada iskar hita ta riƙa dukansu kai tsaye, kada ganye ya jingina da gilashi. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 700, awa bakwai in hanya ta yi kyau, ko ta Ditroit ki haye gadar Ambassador zuwa Winsa ki kama hanya mai lamba 401, ko ta Bafalo. Ni na fi son ta Ditroit a hunturu, saboda hanyar Bafalo tana bin gefen tafkin Eri inda dusar ƙanƙara ke sauka ba sallama; a Disamban 2022 sai da aka rufe hanyoyin garin na kwanaki. Ki duba hasashen yanayi, in da hali ki zaɓi ranar da sanyin ya yi sauƙi, ki yi tafiyar da rana. Wurin shan mai, salla ko cin abinci, mutum ɗaya ya zauna a mota hita na aiki. In dare ya kama ku kuka sauka a otal, kwalayen su kwana a ɗaki tare da ku, komai gajiya.

Wurin da ya fi haɗari shi ne iyakar kanta. Tunda ƙaura kike yi, za a ce ki ajiye mota ki shiga ofis, kuma kina iya daɗewa a ciki. Motar da aka kashe a irin wannan sanyin ba ta daɗewa da ɗuminta. Ki gaya wa jami'in tun farko cewa shuke-shuken ba sa jure sanyi, ki roƙe shi cikin ladabi a duba su kwali ɗaya bayan ɗaya ƙofa a rufe, ko a bar ki ki shiga da su ciki. Na ga an amince da irin wannan roƙon. Shi ya sa nake cewa kada ki like kwalayen da salatif ta ko'ina. Ki ɗaure su yadda za a buɗe a mayar cikin daƙiƙa kaɗan, ki rubuta sunan abin da ke ciki a saman kowanne.

Da kin isa, ki bar su a cikin kwalin na 'yan awoyi su saba da ɗumin gidan kafin ki buɗe. Ki ajiye su kusa da tagar da ke fuskantar kudu amma ba a jikin gilashi ba, kuma nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Hasken rana a Toronto a Janairu bai kai awa goma ba, don haka ba girma za su yi ba. Kada ki sa taki, kada ki canza tukunya, ki rage ruwa. Lemun tsami zai iya zubar da ganye da yawa, kada ki yi saurin yanke masa hukunci ko ki hau datsewa. Ki kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, in kin ga kore yana da rai. Abin da ya ruɓe ya yi laushi shi kaɗai za ki cire, sauran ki jira Afrilu. Busasshiyar iskar ɗaki tana jawo ƙananan ƙwarin nan masu saƙa a bayan ganye, ki riƙa leƙawa duk mako.

Idan kuma kina da wanda zai riƙe miki su a Kolambus, kuma kin san za ki dawo ziyara, to wallahi shawarata ki tafi da ƙananan yanzu, ki bar lemun tsamin da ayabar sai ƙarshen Mayu. A lokacin ba kya bukatar bargo ko ƙunshin ɗumi, jerin sunayen da amsar AIRS, da takardar shaidar lafiya in ta kama, su za ki riƙe. Allah ya kai ku lafiya.