Hukuncin Aiki a Gidan Ajiye Halittun Teku

Tambaya: Malam, na samu aiki a wani gidan ajiye halittun teku inda jama'a ke biyan kuɗi su shiga kallo. Muna ciyar da dabbobin, wani lokaci a ɗebi jininsu ko a liƙa musu na'ura saboda bincike. Wani ya ce min tsare su zalunci ne. Shin albashina halal ne?

Amsa: Bismillah. Ɗan'uwa, asalin tsare dabba ba haram ba ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ƙanen Anas, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) ya sani bai hana ba. Daga nan Ibnu Hajar ya fitar da halaccin ajiye tsuntsu a keji. Matar da ta shiga wuta saboda kyanwa kuwa, ba kullewar kaɗai ta kai ta ba. Ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita nema. To nan ne ma'aunin yake.

Kuma hakkin kifi bai tsaya ga abinci ba. Tsabtar ruwa, gishirinsa, sanyinsa, magani idan ya kamu da ciwo, duk amana ce a wuyanka.

Binciken ya fi sauƙin hukunci. Suratur Rum, aya ta 41, ta ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane. Gyara wannan ɓarna kuwa ibada ce. A 2019 gidan Florida Aquarium a Amurka ya yi nasarar hayayyafar wani nau'in murjani da cuta ke ƙarar da shi. Ɗibar jini da liƙa na'ura sun halatta idan akwai buƙata ta gaskiya, kuma an rage raɗaɗi gwargwadon iko.

Inda nake da ja shi ne manyan dabbobin teku masu shayarwa irin su dolfin da orka, masu ninƙaya mai nisa cikin danginsu. Kwatami, komai faɗinsa, ƙunci ne a gare su, balle a yunwatar da su don su yi wasa a tafa. Wannan ban ga halaccinsa ba, sai dai mai rauni da ake jinya. Kanada ma ta hana sabon tsare su da doka a 2019.

Albashinka halal ne matuƙar ana sauke waɗannan hakkoki. Idan ka ga sakaci ka faɗa wa shugabanninka. In an umarce ka da cutarwa, kada ka yi.

Wallahu a'alam.